Masu Zanen Littattafai Da Aka Manta Da Su

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san amfanin hoto a cikin littafi. Tun baƙaƙe ba su zauna masa ba, hoto ne ke fara gaya masa inda labari ya dosa. Amma marubuci a kan yaba, mai zane kuwa ba safai a ke jin sunansa ba.

A ƙasar Hausa, littattafan hira na boko sun samo tushe daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Daga baya aka sami Magana Jari Ce, aka kuma kafa ma'aikatar Gaskiya cikin 1945. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, sai hukumar NORLA ta shiga buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har aka rufe ta cikin 1959. Jaridar Lardin Sakkwato ita ce Zaruma, Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa duk a wannan lardi su ke a lokacin, kafin a yi Jihar Zamfara cikin 1996. Manomi na waɗannan garuruwa, in ya kama littafi bayan ya taso daga gona, hoton ya kan fara duba, sa'an nan ya bi baƙaƙen a hankali.

Sunan Imam ya game ƙasa, ya kuwa cancanta. Amma mutum nawa ne suka taɓa jin labarin Jacqueline de Naeyer, wata mai zane 'yar ƙasar Beljiyam, wadda ta yi aikin zana hotunan littattafai a Gaskiya, daga bisani ta auri Dokta East?

Ba a nan kaɗai aka yi wannan mantuwa ba. A Amurka ma a kan yi littattafan da hoto ne ke ba da labarin, magana kaɗan ce. Cikin 1938 waɗansu samari biyu, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, suka sayar wa wani kamfani labarin Superman a kan dala 130. Kamfanin ya yi ta kwasar dukiya, Shuster kuwa ya tsufa cikin talauci, idonsa ya kusa mutuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan. Sai cikin 1975, bayan jama'a sun yi ta surutu, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka kuma mai da sunayensu a kan littafin.

Har wa yau akwai Carl Barks, wanda ya zana labarun agwagwan nan Donald Duck daga 1942 zuwa 1966. Sunan Walt Disney a ke bugawa a bango, nasa babu. Duk da haka masu karatu suka gane hannunsa ya fi na sauran, suka riƙa cigiya, har wajen 1960 suka gano sunansa suka aika masa da wasiƙun godiya. Ya rasu cikin 2000 yana da shekara 99, duniya ta san shi.

Abin lura shi ne, ba kamfani ya fara neman hakkin waɗannan mutane ba. Saboda haka wanda Allah ya buɗe wa ido ya iya karatu, in ya ɗauki littafi mai hoto, ya kamata ya duba bango da gindin hoton ya nemi sunan mai zanen. In ya samu, ya riƙe shi, ya gaya wa 'ya'yansa. In bai samu ba, ya rubuta wa masu ɗab'i ya tambaya, domin yabon gwani ya zama dole.