Shugabancin Ƙwallon Hannu a Najeriya: Daga Taron Legas na 1973 Zuwa Bakin Iyakar Bagudo

A watan Janairun 1973, shekara uku kacal da ƙare yaƙin basasa, Legas ta cika maƙil da baƙi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu, ta gina sabon filin wasa a Surulere, tana son duniya ta ga Najeriya ta miƙe. Cikin wasannin da aka jera akwai ƙwallon hannu, wanda a lokacin baƙo ne ga mafi yawan 'yan ƙasa. Sai a 1972 aka shigo da shi a hukumance, aka kafa masa ƙungiya ta ƙasa, aka tattaro 'yan wasa cikin gaggawa, don kada mai masauki ya zama ɗan kallo a gidansa.

Aljeriya ce ta ci zinare a wannan gasar. Amma abin da ya fi daɗewa ana cin moriyarsa ba a fili aka yi shi ba, a zauren taro aka yi shi. Ranar 15 ga Janairu, wakilan ƙasashe suka zauna a Legas suka kafa hukumar ƙwallon hannu ta Afirka, wadda aka fi sani da CAHB, suka naɗa Dokta Nabil Salem na Masar shugabanta na farko. Ke nan hukumar Najeriya da ta nahiyar kusan sa'o'in juna ne. Sai dai hedikwatar ta nahiya a Abidjan take, a ƙasar Kodebuwa, kuma ƙasashe masu magana da Larabci da Faransanci ne suka fi riƙe ragamarta tun daga farko.

Wasan da bai da tsada

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli wasan ba zai yi mamakin saurinsa. Fili ne mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20, kowane ɓangare mutum bakwai har da mai tsaron raga, ana yin minti 30 sau biyu. Ɗan wasa ba ya wuce taku uku da ƙwallo a hannu, ba ya riƙe ta fiye da daƙiƙa uku yana tsaye. A gaban kowace raga akwai da'irar mita shida da ba mai taka ta sai gola. Shi ya sa za ka ga maharbi ya taso a guje, ya yi tsalle daga bayan layi, ya rataya a iska bisa da'irar, ya sake ƙwallon kafin ƙafarsa ta dira. Raga biyu, ƙwallo ɗaya, da daɓen siminti sun isa a fara. Wannan sauƙin ne ya sa makarantun sakandare da barikokin soja suka rungume shi da wuri.

A duniya ma a lokacin wasan yana sabunta kansa ne. An kafa hukumar duniya, IHF, a Kopenhagen a 1946, amma irin wanda ake bugawa yanzu na mutum bakwai bai shiga Olamfik ba sai a Munich a 1972, na mata kuma a Montreal a 1976. Najeriya ba ta makara ƙwarai ba.

Zamanin naɗi

A shekarun farko ba a zaɓen shugabannin ƙungiyoyin wasa. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja a 1971, ita ke naɗa su, ita ke ba su sakatare daga cikin ma'aikatan gwamnati, ita ke riƙe da lalita. Kowace jiha tana da majalisar wasanni mai ɗaukar koci da 'yan wasa aiki, kuma Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a 1973 ya sa gwamnoni gasa da juna wajen tara lambobin yabo. Tsarin yana da aibinsa, domin komai ya rataya ga ra'ayin wanda ke kan mulki. Amma ya kai wasan jihohi.

Sunan da tsofaffin 'yan wasa suka fi ambata daga wancan zamani shi ne Manjo Janar Ishola Williams, hafsan sojan da ya jagoranci ƙungiyar kuma ya dage kan gasar yara ta rukunin shekaru. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da aka fara da su a firamare su ne suka cika kulob-kulob na jihohi, irin su Grasshoppers ta Owerri wadda matanta suka yi suna a Afirka a shekarun 1980.

An girbi amfanin wannan shuka a 1991, lokacin da matan Najeriya suka ci kofin Afirka a Alƙahira. Nasarar ta ba su kujerar nahiyar a Olamfik ta Barcelona a 1992, inda ƙasashe takwas kaɗai suka fafata a ɓangaren mata. Sun ƙare a na takwas, Koriya ta Kudu ta ɗauki zinare. Maza kuwa sun kai gasar cin kofin duniya ta 1999 a Masar. Daga nan fa sai ƙafa ta ja baya. Kuɗin jihohi ya ragu, gasar makarantu ta yi rauni, gasar kulob-kulob ta koma yau a yi gobe a fasa. A daidai wannan lokaci Angola ta mayar da kofin mata na Afirka tamkar gadon gidansu, Masar da Tunisiya suka raba mafi yawan na maza a tsakaninsu.

Zamanin zaɓe

Da aka koma mulkin farar hula, ƙungiyoyin wasa suka zama hukumomi masu zaɓen shugabanni duk shekara huɗu, ko da yake ma'aikatar wasanni ce ke tsara ƙa'idojin zaɓen. Majalisar gudanarwar takan ƙunshi wakili daga kowace shiyya ta siyasa guda shida, da wakilin 'yan wasa, da na masu horarwa da alƙalai, da na rundunonin tsaro, da wasu. Su ne ke zaɓen shugaba a tsakaninsu. Dokta Lanre Glover da Yusuf Dauda na cikin waɗanda suka riƙe hukumar kafin zaɓen 2017, wanda aka yi zamanin minista Solomon Dalung, inda Samuel Ocheho, ma'aikacin banki kuma tsohon ɗan wasa, ya hau kujerar.

Babban abin da za a tuna Ocheho da shi shi ne farfaɗo da gasar firimiya. A 2018 kamfanin mai na Prudent Energy, na Alhaji Abdulwasiu Sowami, ya ɗauki nauyinta, daga baya ta koma ɗaukar sunan Ardova. Ana yin ta zango biyu, kulob-kulob su taru wuri guda su yi kwanaki suna karawa, sau da yawa zangon farko a Abuja, na biyu a Legas. Nan aka ga inda ƙarfin wasan yake: Niger United ta Minna, Kano Pillars wadda ta ci kofin a 2019 ta kuma maimaita daga baya, Rima Strikers ta Sakkwato, Borno Spiders, Plateau Peacocks, sai kulob-kulob na hukumomi irin su Safety Shooters da Safety Babes na hukumar kiyaye haɗurra. Arewa ba 'yar rakiya ba ce a wannan wasa.

A 2019 samarin Najeriya sun halarci gasar duniya ta matasa a Masedoniya ta Arewa, gasar da Masar ta lashe. An sake zaɓen Ocheho a 2021, bayan minista Sunday Dare ya rushe majalisun hukumomin ya naɗa na riƙo. A 2024 Shugaba Tinubu ya soke ma'aikatar wasanni ya dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, sannan a 2025 shugabancin ƙwallon hannu ya koma hannun Jibril Saidu Ojih, mai kulob ɗin mata na Adorable Angels a Ilori.

Tsakanin Sakkwato da Benin

Mutumin Bagudo, ƙaramar hukumar jihar Kebbi da ke bakin iyakar Benin, yana da dalili biyu na bin wannan tarihi. Na farko yana arewa maso gabas da shi. Sakkwato ta daɗe tana karɓar gasar ƙasa ta yara 'yan ƙasa da shekara 12 da 15, gwamnoni daban-daban sun ɗauki nauyinta, kuma yaran jihar sun sha zuwa gasar Partille da ake yi a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, wadda ita ce taron ƙwallon hannun yara mafi girma a duniya. Har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991, Bagudo da Illo da Ka'oje duk cikin jihar Sakkwato suke. A shekarar da matan Najeriya suka ci kofin Afirka, a ita aka yanke Kebbi. Filaye da kulob da tsofaffin kociyoyi na tsohuwar jiha galibi a babban birninta suke, sabuwar jiha kuwa sai ta fara gina nata daga Birnin Kebbi.

Dalili na biyu yana yamma, ƙetaren Tsamiya da Lolo, inda ƙasar Segbana da Malanville ta jihar Alibori take. Mutumin da ya hau shugabancin ƙwallon hannu na Afirka baki ɗaya a 2008, Dokta Mansourou Aremou, ɗan Jamhuriyar Benin ne. Ya gaji Christophe Yapo Achy na Kodebuwa, a kujerar da Babacar Fall na Senegal ya taɓa daɗewa a kai. Ƙasar da yawan jama'arta bai kai na jihar Kano ba ta riƙe hukumar da aka haifa a Legas fiye da shekara goma sha biyar. Kuma ba a ofis kaɗai Benin ta tsaya ba. A Wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024, da Masar ta ci zinare a ɓangaren maza, Najeriya ta samu tagulla ne bayan ta doke Benin a wasan neman na uku. Maƙwabciyar da ake ɗauko shinkafa da gwanjo daga kasuwanninta, ita ce aka yi kokawar lambar yabo da ita.

Jama'ar wannan iyaka, Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawa, dangi ne ta kowane gefe. Suna cin kasuwa ɗaya, suna aure tsakaninsu, kogin Kwara ya ratsa su duka. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ya tsayar da manyan motoci, bai yanke zumunci ba. Wasan sada zumunta tsakanin wata sakandare ta Bagudo da takwararta ta Segbana ba ya bukatar jirgin sama, mota ɗaya da izinin hukuma sun wadatar.

Abin da shekaru hamsin suka nuna

In aka jera shugabannin hukumar a duba aikinsu, abu ɗaya ke fitowa fili. Duk lokacin da shugabanci ya sauka zuwa makarantu, bayan shekara goma sai a ga kofi, kamar yadda 1991 ta shaida. Duk lokacin da ya tsaya a Abuja da Legas yana jiran kuɗin tafiya gasar waje, sai a wayi gari ana neman 'yan wasa da fitila. Gasar firimiya ta warware matsalar inda manya za su buga, amma ba ita ke haifar da ɗan wasa ba. Malamin motsa jiki ne ke haifar da shi, a filin makaranta, bayan an tashi.

Kebbi tana da murya a majalisar hukumar ta bakin wakilin shiyyar Arewa maso Yamma, shiyyar da ta haɗa Kano da Kaduna da Sakkwato, manyan gidajen wannan wasa. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar jiha da majalisar wasanni ta Birnin Kebbi su nemi haƙƙinsu da wannan murya: kwas na horar da malaman firamare, ƙwallaye da raguna, da gurbi a gasar yara ta Sakkwato ga ƙananan hukumomin bakin iyaka. Shugaban ƙaramar hukuma da zai iya gina rumfunan kasuwa ba zai gaza daɓe fili mai mita 40 da 20 ba. Sabon shugabancin hukumar zai so a auna shi da lambobin yabo na Afirka. Mutanen Bagudo suna da ikon auna shi da yawan yaransu da suka sa riga suka shiga gasar 'yan ƙasa da shekara 12 kafin wa'adinsa ya cika.