Damisa da Kunkurun Teku a Tortugero

Tortugero bakin teku ne mai baƙin yashi a arewa maso gabashin ƙasar Kosta Rika, tsawonsa wajen kilomita 30. Sunan ma daga kunkuru ya samo asali a harshen Sifaniyanci. Daga watan Yuli zuwa Oktoba koren kunkurun teku ke fitowa nan da dare. Macen za ta ja jiki da kyar har saman tudu, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne, ta juya. A ruwa kamo ta da wuya, amma a kan yashi ko yaro ya fi ta sauri.

Da can mutum ne dodonta. Mafarauta kan kwana a bakin teku, da zarar ta fito sai su juya ta rigingine, ta kwana tana shure-shure har jirgin ruwa ya zo ya kwashe su zuwa garin Limon, wasu a wuce da su ƙetare a yi romo. Wannan hali Archie Carr, masanin dabbobi daga Jami'ar Filorida, ya tarar a shekarun 1950. Ya kafa sansanin bincike, aka kafa ƙungiyar kare kunkurun a 1959, doka kuma ta tabbatar da wurin a matsayin gandun daji a 1975. A wannan shekarar ce yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin namun daji ta fara aiki, ta toshe cinikin fatar jagwa, damisar nahiyar Amurka, wadda ita ma maharba suka kusa ƙarar da ita.

Ana murna kunkuru ya farfaɗo, sai ga damisa a bakin teku. A 1997 gawar kunkuru huɗu da ta kashe aka ƙirga. Tsakanin 2005 da 2010 an ƙirga 676. Takan cafki wuya, ta ja kunkurun cikin duhuwa, ta ci naman wuyan, sauran ta bar wa ungulaye, wani lokaci da ƙwan da ba a kai ga zubawa ba.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne halin ma'aikacin gandun. Dukansu amana ce a hannunsa, to wa zai ɗaga wa bindiga?

Ni dai ban ga laifin damisa ba. Gonakin ayaba da makiyaya sun cinye dajin da ke kewaye, mafarauta sun rage namun dajin da take ci, ga kuma nama yana fitowa daga ruwa da ƙafarsa. Masu bincike sun nuna abin da take kashewa kaɗan ne cikin dubban matan da ke fitowa kowace shekara, shi ya sa hukuma ba ta taɓa ta ba, ƙirga kawai ake yi. Hukuncin ya yi daidai. Mai son kunkurun Tortugero ya sa ido a kan ɓarayin ƙwai da masu sare daji, ya ƙyale damisa.