Yadda Sunan Gari Ya Zama Sunan Mutum a Ƙasar Sakkwato

Gwamnoni huɗu da suka mulki Jihar Sakkwato tun daga 1999 duk da sunan gari aka san su: Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, Aliyu Magatakarda Wamakko, Aminu Waziri Tambuwal, sai Ahmad Aliyu Sokoto. Kafin su an yi Shehu Kangiwa a 1979, shekarar da Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa. Waɗannan sunaye sun zaga duniya. Akwai kuma irinsu da ba kasafai ake jin su ba sai a ƙasar Wamakko da kewayenta, kamar wane Dundaye, wane Gumbi, wane Arkilla, ko wane Kalambaina. Duk daga tushe ɗaya suke, kuma tushen bai kai tsufan da mutane da yawa suke zato ba.

A da, Bahaushe ba shi da sunan iyali wanda ake gado daga kaka zuwa jika. Yana da sunan yanka da ake raɗa masa ranar bakwai, yana da sunan rana kamar Ɗanladi ko Talatu, yana da laƙabin da iyaye ko kakanni suka ba shi don sakaya sunan wani babba da ya ci. In ana son bambanta shi da takwaransa, sai a jingina shi ga mahaifinsa, ko sana'arsa, ko sarautarsa. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, da laƙabin mahaifinsa aka san shi, Fodiyo, wato malami da Fillanci. Haka Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda zuriyarsa ta ba unguwar Giɗaɗawa suna a birnin Sakkwato.

Jingina mutum ga gari ma tsohon abu ne, amma a tsakanin malamai da matafiya ya fi ƙarfi. Duk almajirin hadisi ya san Bukhari daga Bukhara yake, Tirmizi daga Tirmiz. Malamin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, da Alkashinawi Larabawa suka san shi. A fadar Sakkwato akwai Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, wanda aka jingina ga garinsa don a raba shi da Atiku na farko. Sai dai irin wannan suna na mutum ɗaya ne. In ya rasu ya tafi da abinsa, 'ya'yansa su nemi nasu.

Abin da ya sauya lamarin shi ne rajistar makarantar boko. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun soma buɗe makarantu: ta Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta tara yara daga lardunan Arewa. Littafin rajista yana da gurbi biyu, na sunan yaro da na wani suna na biyu. A aji ɗaya kuwa sai a sami Muhammadu biyar, Abubakar huɗu, Umaru uku. Malami ya ɗaga alƙalami ya tambayi yaro sunan mahaifinsa, yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, domin a gidan da ya fito ambaton sunan uba gatsau rashin kunya ne, balle a riƙa kiransa kullum da safe a gaban sa'o'insa. Mafita mai sauƙi ita ce a tambaye shi garinsu. Da haka kunya ta tsira, rajista ta cika.

Misali mafi kusa shi ne Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. An haife shi a Raba a 1910, kuma da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina tsakanin 1926 da 1931. Daga baya ne ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wasu kuwa sun riƙe sunan garin har ƙarshen rayuwa: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Aminu Kano, da Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Da waɗannan mutane suka yi fice, sai 'ya'yansu da jikokinsu suka gaji sunan, ko da ba a garin aka haife su ba. A nan ne sunan da a da yake mutuwa da mai shi ya koma abin gado.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Italiya, Leonardo da Vinci sunan ƙauyen Vinci yake ɗauke da shi, kuma sunaye kamar Romano, Lombardi da Napolitano duk suna nuna garin ko yankin da kakanni suka fito. Abin da ya daskarar da su shi ne taron Cocin Katolika na Trento, wanda a 1563 ya wajabta wa limaman coci rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda suka yi aure. Turkiyya kuwa da doka ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan iyali a 1934. Ko'ina dai takarda ce ke ɗaure suna wuri ɗaya. Shi ya sa a Italiya ake samun sunayen da ba su wuce ƙauye ɗaya ko biyu ba, kamar yadda namu na ƙananan garuruwa suke.

Yawan masu ɗauke da sunan gari ya dogara da abu biyu: girman garin, da kuma lokacin da boko da aikin gwamnati suka isa gare shi. Kano, Katsina da Gusau sun yi yawa har ba sa nuna dangantaka ko kaɗan. Mutum biyu masu suna Kano ba lalle su taɓa sanin juna ba. Sunan ƙaramin gari kuwa yana faɗin abubuwa da yawa. Wanda ya ce shi wane Kalambaina ne, Basakkwace zai gane daga yammacin birni yake, a Ƙaramar Hukumar Wamakko, kuma cikin tambaya biyu ko uku zai iya kaiwa ga unguwarsu da gidansu.

Kalambaina tana da wani abu da ya bambanta ta. Sunanta ya yi nisa, amma siminti ne ya kai shi, ba mutane ba. An kafa Kamfanin Siminti na Arewa a 1962, ya soma aiki a 1967 saboda farar ƙasar da Allah ya hore wa yankin. A watan Yuli na 2018 kamfanin BUA ya buɗe sabuwar masana'anta mai samar da tan miliyan 1.5 a shekara, da sunan Kalambaina a jikinta. Yau direban tirela a Ilori ko Maiduguri ya san Kalambaina sarai, alhali wataƙila bai taɓa haɗuwa da wanda ke amsa sunan ba. Suna yakan kuma bi hanyar baya. Bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai jama'arsa gaɓar kogin Nilu a Sudan, garin da suka kafa kuma har yau Mai Wurno ake ce masa. Garin Wurno ya ba mutum laƙabi, mutumin ya ba wani gari suna.

A zamanin nan takarda ta ƙara ƙarfi. Lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, lambar ɗan ƙasa ta NIN, da fom ɗin JAMB duk suna son suna iri ɗaya tak, a jere ɗaya. A wurin yin rajista za ka ga saurayi riƙe da takardu uku: a ta firamare sunan mahaifinsa ne na ƙarshe, a ta sakandare sunan gari, a katin banki an haɗa su an juya. Ma'aikaci ya ce kwamfuta ta ƙi karɓa, sai ya je kotu ya yi rantsuwa. Da yawa daga nan suke yar da sunan garin don su huta.

Wannan asara ce da za a iya kauce mata. Addini ya umurce mu da jingina ɗa ga mahaifinsa, don haka sunan uba ba abin wasa ba ne. Amma fom ɗin yana da gurbi uku, kuma na ukun ya ishi sunan gari. Iyaye su yanke shawara tun ranar suna, su rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa da ta makaranta, su daina barin malamin aji ko mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa yaro. Hausawa sun ce suna linzami ne. Birnin Sakkwato yana faɗaɗa yana haɗiye ƙauyukan da ke gefensa, kuma nan gaba jikan da aka haifa a Abuja ko Jidda zai buƙaci abin da zai nuna masa inda zai fara neman danginsa.