Bin Salsala a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya ɗaura niyyar bin salsalar gidansu a ƙasar Tasawa da Mayahi, ya kamata tun da fari ya sakankance cewa ba wani littafi guda zai buɗe ya tarar da kakanninsa a jere ba, domin mutanen wannan yanki, yau fiye da shekara ɗari biyu ke nan, galibi ba su daɗe a wuri guda ba face yaƙi ko yunwa ko haraji ya tashe su, kuma wanda ya tashi da tsakar dare da goyo da ƙwarya ba ya tsayawa rubuta tarihi.

Hijira ta farko da ake iya kafa wa shekara ita ce ta bayan faɗuwar birnin Katsina a hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, lokacin da Sarki Magajin Halidu ya halaka a Ɗankama, ragowar 'ya'yan sarauta da barorinsu suka bi Ɗan Kasawa zuwa Damagaram, sa'an nan suka juyo yamma suka kafa gadon sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Tasawa, wadda dā ma ƙasar Katsina ce, ta zama mafakar masu gudu da zangon fatake, har Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya same ta a raye da kasuwa da marina sa'ad da ya sauka cikinta a watan Janairu na 1851. A ƙarshen ƙarnin kuma, da Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin Sarki Mijinyawa a Maraɗi, Tasawa ɗin ce Sarkin ya koma da jama'arsa. Ba a jima ba sai ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, tana tafe tana ƙone garuruwa, har ajalin shugabanninta biyu ya riske su a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau.

Waɗannan duka a rubuce suke, amma labarin sarakuna ne. Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya shata iyaka tsakanin yankin mulkin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1908, ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakunan ƙasashen nan, kuma lalle ya yi aiki mai amfani. Sai dai talakan da ya sari daji a bakin Gulbin Kaba bayan yaƙi ya kwanta, ya haƙa rijiya, ya kafa bukka, har wurin ya zama gari, babu tafintan da ya tambaye shi sunan ubansa. Abin da ya rage nasa shi ne sunan garin kansa, watau Gidan Wane ko Garin Wane, da kufan da tsofaffi ke nunawa su ce daga nan aka taso.

A ƙasar Ailan ma an yi irin wannan watsewa, domin yunwar da ta auka musu daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan guda, ta kuma kori fiye da haka zuwa Amurka da Ingila da sauran ƙasashe. Jikokinsu na yau, ko da yake gobarar 1922 ta cinye ma'ajiyar takardun hukuma a Dublin, suna da littattafan coci da jerin fasinjojin jirgin ruwa da ƙidayar 1901 da 1911 da za su duba. Tamu yunwar, Kakalaba ta 1913 da 1914, ta kora jama'a kudu zuwa Katsina da Kano a ƙafa, babu tashar da aka rubuta sunan kowa. Daga baya lanho, watau haraji, da aikin dole na Nasara, wanda ba a soke shi ba sai 1946, suka bi da wasu ta wannan hanya, wasu kuma suka nufi gabas da niyyar hajji, zuriyarsu na Sudan har yanzu.

Takardar da talaka ya shiga ita ce ta ƙidayar haraji, kuma wajibi ne a karanta ta da hattara. Kwamanda yana zaune a inuwa, tafinta na kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, alhali mai gida ya riga ya tura samarinsa biyu daji tun asuba don kada a ɗora masa kuɗin kansu. Sunan da ya faɗa a rubuta shi yadda kunnen baƙo ya ji, shekarar haihuwa kuwa a dubi fuskarsa a ƙiyasta. Hujja ce, amma mai rauni.

A ganina, madogara mafi ƙarfi ita ce riwayar baka, muddin aka bi da ita yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma mece ce maslaharsa a cikin zancen. Maroƙi ya san nasaba, amma yana ƙara mata gishiri gwargwadon kyauta. Tsohuwar da aka aurar tun tana yarinya ta fi shi amana, domin ita ke riƙe da wanda ya auri wance, da wanda ya tafi cin rani bai komo ba, da gonar da aka raba gado a kanta. Idan zancenta ya dace da tsagar da wanzami ya yi wa kaka, ta Gobirci ce ko ta Katsinanci, ya kuma dace da 'yan layukan da wani malami ya rubuta a bayan Alƙur'aninsa ranar suna, to an sami shaidu uku waɗanda ba su haɗa baki ba. Tsagar nan kuwa an kusa daina ta, tsofaffin ma suna ƙarewa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Akwai kuma inda riwaya ke tsayawa da gangan. Mahara daga kudu da arewa sun kwashi mutane a ƙasar nan cikin ƙarni na 19, an kuma kawo waɗansu daga nesa aka zaunar, saboda haka gidaje da dama idan aka kai kaka na uku sai a ce daga Gabas ya zo, a rufe zancen. Mai bincike ba shi da izinin tozarta kowa da abin da ya gano, amma kuma bai halatta ya ƙaga wa kakansa sarauta ko sharifta don ya cike gurbin ba. Ya rubuta sunan da ya tabbata, da garin da aka ce an fito, da sunan wadda ta faɗa masa da shekarar da ta faɗa, ya bar sauran layin babu kome.