Mai Shela da Sauran Dabarun *Jatau Na Kyallu*

Tun kafin a san boko a ƙasar Zamfara, yaran Anka da Gummi da Bukkuyum sun san wasan kwaikwayo. Idan azumi ya kai kwana 10 sai a fara tashe. Yaro ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, 'yan mata kuma ɗaya ta sa rigar maza ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, a yi ta jan kunne game da zaman aure ana dariya. Rubutaccen wasa ne ya zo daga baya. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da *Six Hausa Plays* a Zariya, sannan a 1949 aka buga *Wasan Marafa* na Abubakar Tunau, mutumin Talata Mafara, wanda ya yi domin wayar da kai kan tsafta da kiwon lafiya. Ke nan Bazamfare na cikin 'yan sahun farko a wannan fage.

Wanda ya fi nuna gwaninta a cikin marubutan farko, a ganina, shi ne Shu'aibu Maƙarfi, mai *Zamanin Nan Namu* na 1959 da kuma *Jatau Na Kyallu*, wanda bugun kamfanin NNPC na 1970 ya shiga makarantu. Labarin ba shi da wuya. Jatau mai hali ne, ya auri Kyallu wadda ta saba da zaman bariki, gidansa ya rikice, dukiya ta tafi. Irin wannan labari kowace tsohuwa tana da nata. Abin nazari shi ne yadda aka tsara shi.

Babbar dabarar ita ce mai shela. Shi ne ke fitowa ya gabatar da abin da za a gani, ya yi sharhi a kan halin 'yan wasa, sannan ya janye. Wasu masu nazari kan kwatanta shi da 'yan amshin wasannin Girkawa na dā, kuma kwatancin yana da amfani ga ɗalibin jami'a. Amma dattijon Gummi ba ya bukatar zuwa Girka kafin ya gane shi, domin ya taso yana jin mai shelar sarki yana zaga gari da sanarwar ganin wata ko aikin gayya. Murya ce da aka saba yi wa shiru a saurara. Da Maƙarfi ya ɗora ta a kan wasa, sai mai kallo ya riga Jatau sanin ramin da ke gabansa. Daga nan duk wata kalma mai daɗi da Kyallu ta faɗa tana da fuska biyu: Jatau ya ji ƙauna, jama'a su ji tarko. Dariyar da ake yi ta tausayi ce da takaici a haɗe.

Akwai kuma dalilin sana'a. Wasannin Maƙarfi sun bi ta gidan rediyon Kaduna kafin su zama littafi, kuma mai sauraro ba ya ganin labule ko sauyin wuri. Dole a sami wanda zai gaya masa an bar zaure an koma kasuwa. Sallama da doguwar gaisuwa da kiran suna, waɗanda yaran yanzu kan tsallake don suna ganin ɓata lokaci ne, su ne ke sanar da kunne wanda ya shigo da kuma matsayinsa.

Sunan littafin ma dabara ce. A bakin maroƙa, a ce wa namiji “na wance” kirari ne, yabo ne. A nan an juya kirarin ya koma zambo, domin Jatau ya zama na Kyallu da gaske, ita ke juya shi. Sunanta kuma yana tuna wa mai ji ƙyalli, abin da ke ɗaukar ido. Mohammed Sada ya bi irin wannan hanya a *Uwar Gulma* na 1968, inda suna kaɗai ya gama bayyana hali.

Inda wasan ya yi rauni shi ne laifin ya fi karkata ga mace, alhali Jatau da ƙafarsa ya je, ba a ɗaure shi ba. Malamin da zai koyar da littafin a yau ya kamata ya bar ɗalibai, maza da mata, su yi gardama a kan wannan. Ya kuma daina karanta musu shi daga kan kujera yana ba su jigo da salo su haddace don jarrabawa. A fitar da su gindin bishiya, a ba yaro mai murya aikin mai shela, ya tsaya gefe ɗaya inda Jatau ba zai waiwaye shi ba, sauran ajin su zauna a matsayin mutanen gari.