Murtala Nyako: Daga Rundunar Ruwa zuwa Fadar Gwamnatin Yola

Mayo-Belwa na da nisan ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku, amma ita ta haifi Murtala Nyako, wanda ya shiga sojan ruwa a 1963, ya yi horo a Dartmouth ta Ingila, har ya shugabanci rundunar ruwan Najeriya daga 1990 zuwa 1992. Sai dai wanda ya ɗauka cewa igiyar kafaɗa ce ta kai shi kujerar gwamnan Adamawa a 2007 bai san jihar ba. Talakan Ganye ko Numan bai taɓa ganin jirgin yaƙi ba. Abin da ya sani shi ne gonar Nyako ta Sebore da mangwaronta, da laƙabin Baba Mai Mangwaro. Noma ne ya saya masa farin jini.

Nyako ya yi gwamna a zamani biyu masu bambancin tsari, kuma a nan tarihinsa ya fi jan hankalin mai nazari. A Fabrairun 1976, da gwamnatin Murtala Muhammad ta ƙirƙiro jihar Neja, shi aka tura Minna, yana matashin hafsa. Babu majalisa, babu jam'iyya. Ya faɗa, an yi. Bayan shekara talatin sai ya tarar da mulkin da kowane mataki sai da ciniki da lallashi. Kotu ta soke zaɓensa a 2008, ya sake ci. Kotun Ƙoli ta sauke shi tare da gwamnoni huɗu a Janairun 2012, ya sake tsayawa ya dawo. Dauriya kam yana da ita. Haƙurin zama da abokin hamayya ne ya yi masa ƙaranci, kamar yadda takun-saƙarsa da Bamanga Tukur, shugaban jam'iyyarsa ta PDP a lokacin kuma ɗan jiharsa, ta nuna.

A Nuwamban 2013 ya bar PDP ya koma APC tare da gwamnoni Kwankwaso da Wamakko da Amaechi da Abdulfatah Ahmed. A Afrilun 2014, lokacin da Adamawa ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙa yana zargin gwamnatin Shugaba Jonathan da kisan ƙare dangi a yaƙin Boko Haram. Kalmar ta yi tsauri, amma kukan da ke bayanta na jama'ar da ake kashewa ne, kuma ya cancanci a saurare shi.

Kuskurensa shi ne buɗe wuta kan Abuja alhali majalisar jiharsa ba ta hannunsa. Ranar 15 ga Yulin 2014 'yan majalisar suka tsige shi, kakakinsu Ahmadu Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsigewar ta saɓa ƙa'ida, Kotun Ƙoli ta amince, amma ta ƙi mayar da shi ofis.