Fim ɗin Zapruder a Matsayin Hujjar Tarihi: Waiwaye kan Kisan Shugaba Kennedy

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan maƙala za ta auna ƙarfin wannan karin magana ta hanyar nazarin gajeren fim ɗin da ya ɗauki kisan Shugaban Amurka John F. Kennedy, domin a ga abin da hoto ke iya tabbatarwa da kuma inda yake gazawa.

2.0 Asalin Fim ɗin

A ranar 22 ga Nuwamba, 1963, Abraham Zapruder, wani mai masana'antar ɗinka tufafin mata a birnin Dallas, ya tsaya a dandalin Dealey da ƙaramar kyamararsa ta Bell & Howell domin ya ɗauki ayarin motocin shugaban. Abin da ya samu bai kai daƙiƙa 27 ba, wato jerin hotuna 486, kimanin 18 a kowace daƙiƙa, kuma babu sauti. Mujallar Life ta sayi haƙƙin mallakarsa a kan dala 150,000, ta buga wasu daga cikin hotunan. Jama'ar Amurka ba su kalle shi a talabijin na ƙasa ba sai a 1975.

3.0 Fim a Matsayin Agogo

Hukumar Warren, wadda ta miƙa rahotonta a 1964, ta mayar da hotunan ma'aunin lokaci. Gwaji ya nuna cewa bindigar Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kisan, tana buƙatar aƙalla daƙiƙa 2.3 tsakanin harbi da harbi, daidai da hotuna 42. Hukumar ta ce harsashi ya sami Kennedy tsakanin hoto na 210 da na 225, yayin da wani allon hanya ya kare shi daga kyamarar, kuma raunin Gwamna John Connally, wanda ke zaune a gabansa, bai wuce hoto na 240 ba. Tazarar ba ta isa harbi biyu daga bindiga ɗaya ba. Ke nan ko dai maharba biyu ne, ko kuwa harsashi ɗaya ne ya ratsa mutanen biyu. Hukumar ta zaɓi bayani na biyu, ta ce Oswald shi kaɗai ya yi harbin.

4.0 Taƙaddama kan Hoto na 313

A hoto na 313 ne harsashi ya sami kan shugaban, daga nan jikinsa ya fizga baya, ya karkata hagu. Masu kallo da yawa suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa daga gaba aka harbo shi. Sai dai tsakanin hoto na 312 da na 313 kan ya ɗan matsa gaba tukuna. Masanin kimiyya Luis Alvarez ya bayyana a 1976 cewa ƙarfin abin da ya fashe ya fita ta gaba yana iya tura kai baya. Wasu kuma suka danganta motsin da zaburar jijiyoyi. A 1979 kwamitin Majalisar Wakilai ya amince cewa daga baya harsasan da suka same shi suka fito, amma ya ce mai yiwuwa akwai makirci. Hujjarsa ta fito ne daga wani faifan rediyon 'yan sanda, wanda kwamitin masana kimiyya ya soke ingancinsa a 1982.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa fim ɗin ya tabbatar da jerin aukuwar abubuwa da tazarar da ke tsakaninsu, amma bai nuna maharbi ba, bai kuma ƙirga harbin ba. Kamar kowane matani, yana buƙatar mai fassara, kuma kowane mai fassara da abin da ya zo da shi a zuciya. Saboda haka wajibi ne manazarci ya gwama hoto da rahoton likitoci da bayanin shaidu kafin ya yanke hukunci, domin a wannan lamari gani bai kori ji ba.